Masu Gwajin Da Ba A Biyan Su: Yadda Manhajar JMRI Ke Shan Tankaɗe Kafin Ta Isa Hannun Jama'a

Manhajar JMRI tana da wata al'ada wajen sa wa sigoginta lamba. Idan lamba ta biyu tana rabuwa gida biyu daidai, kamar 5.6 ko 5.8, to wannan tabbatacciyar siga ce, wadda aka yarda kowa ya sauke ya yi aiki da ita. Idan kuwa ba ta rabuwa, kamar 5.7.1 ko 5.7.2, sigar gwaji ce. Ma'ana masu ginin suna cewa ne: ga abin da aka ƙera a wannan watan, a zo a nemo inda ya karye.

Tabbatacciyar siga tana fitowa sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar shekara ɗaya a ƙarshenta. Sigogin gwaji kuwa kusan kowane wata ake sakin su. Tsakanin waɗannan biyun akwai wasu mutane da ba kamfani ne ya ɗauke su aiki ba, ba su da albashi, da yawansu ma ba su taɓa rubuta layin kod ko ɗaya ba. Su ne ke sauke sigar da ba ta gama nuna ba, su jona ta da kayansu na kuɗi masu yawa, su zauna su ga abin da zai faru.

Abin da manhajar ke sarrafawa shi ne ƙananan jiragen ƙasa na sha'awa.

Wasan da ya wuce wasan yara

A ƙasashe irin su Amurka, Ingila, Jamus da Japan, akwai mutanen da sha'awarsu ita ce gina ƙaramar duniyar jirgin ƙasa a cikin gida. Sukan ware ɗaki guda ko gareji, su shimfiɗa layin dogo, su gina tashoshi da gadoji da duwatsu, su ɗora kawunan jirage da taragai masu tafiya da lantarki. Girman da ya fi yaɗuwa ana kiran sa HO, inda aka rage komai sau 87, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon kuma milimita 16.5 ce. Akwai girman N, wanda aka rage sau 160, da wasu da dama. Wasu sukan haɗu su kafa kulob, su gina shimfiɗar da mutum goma ko ashirin za su tuƙa jirage a kanta a lokaci guda, da jadawali da mai ba da izinin hanya, tamkar tashar gaske.

A da, tuƙin ba shi da wani sirri. A ƙara wuta a kan dogo jirgi ya yi sauri, a rage ya yi sanyi. Matsalar ita ce duk jiragen da ke layi ɗaya abu ɗaya za su yi. Sai aka zo da tsarin DCC, wanda ya samo tushe daga fasahar kamfanin Lenz na Jamus, ƙungiyar NMRA ta Amurka kuma ta mayar da shi ma'auni na bai ɗaya a farkon shekarun 1990. A wannan tsari, wutar da ke kan dogo ita ce kuma ke ɗauke da saƙo. Akwatin ba da umarni yana jujjuya wutar cikin sauri sosai, gajeren bugu yana nufin 1, dogo yana nufin 0. A cikin kowane kan jirgi akwai wata 'yar na'ura da ake kira dikoda, wadda sau da yawa ba ta kai girman katin SIM na da ba. Kowace dikoda tana da lambar adireshinta, kuma saƙon da aka aiko da sunanta kaɗai take bi.

Nan ne wahalar ta fara. Ana saita dikoda ne ta wasu gurabe masu lamba da ake kira CV, kowane gurbi yana ɗaukar adadi daga 0 zuwa 255. CV1 shi ne gajeren adireshi, kuma sabuwar dikoda takan zo da 3 a ciki. CV3 yana tsara yadda jirgi zai ɗauki gudu, CV4 yadda zai rage. Wannan da sauƙi. Amma a ce mutum yana so jirginsa ya amsa lamba 1234. Sai ya raba 1234 da 256, ya samu 4 da ragowar 210. Ya haɗa 4 ɗin da 192 ya zuba 196 a CV17, ya zuba 210 a CV18, sannan ya koma CV29 ya ƙara 32 a kan abin da ke ciki don dikodar ta san an koma dogon adireshi. Lamba ɗaya ke nan. Dikodojin zamani masu fitar da ƙarar inji da usur suna da ɗaruruwan irin waɗannan gurabe, wasu ma dubbai.

Bob Jacobsen, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, shi ne ya jagoranci kafa JMRI a farkon shekarun 2000. Ɓangarenta da ya fi suna shi ne DecoderPro, wanda ke ɗauke wa mutum duk wancan lissafi: ya rubuta 1234 a akwati, manhaja ta yi sauran. Akwai kuma PanelPro, na zana taswirar layi da sarrafa sigina da mahaɗun canza hanya. An rubuta manhajar da harshen Java, tana aiki a Windows da macOS da Linux, har da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Kyauta ce, kod ɗinta kuma a buɗe yake ga kowa a ƙarƙashin lasisin GPL.

Dalilin da ya sa masu ginin ba za su iya gwada ta su kaɗai ba

Kada mai karatu ya ɗauka masu gina JMRI ba sa gwaji. Suna yi, har da yawa. Kod ɗin yana kan GitHub, kuma duk gyaran da wani ya kawo sai ya bi ta dubban gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta kafin a karɓe shi. Irin wannan gwaji yana kama kuskuren lissafi, yana kama inda sabon gyara ya rushe tsohon aiki.

Sai dai kwamfutar da ke wannan gwaji ba ta da layin dogo a jone da ita.

JMRI tana magana ne da akwatunan umarni na kamfanoni daban-daban, kuma ma'aunin DCC ya tsaya ne a kan abin da ke bi ta dogo. Yadda akwati zai yi magana da kwamfuta kuwa, kowa da yarensa. Digitrax na da LocoNet. Lenz na da XpressNet. NCE na da nasa, Roco na da Z21, ESU na da ECoS, ga SPROG daga Ingila, ga tsarin CBUS na ƙungiyar MERG, ga DCC-EX da ake haɗawa a kan allon Arduino. Wani yana shiga ta USB, wani ta wayar sadarwa, wani ta Wi-Fi. A kowane kamfani akwai tsofaffin akwatuna da sababbi. A ninka wannan da ɗaruruwan nau'o'in dikoda daga SoundTraxx da Zimo da TCS da ESU da sauransu, a sake ninkawa da manyan manhajojin kwamfuta guda uku da sigoginsu. Babu mai gini ɗaya, ko ƙungiyar masu gini, da ke da duk waɗannan a ɗakinsa. Wanda yake da takamaiman haɗin da zai fito da wata tangarɗa, wataƙila wani tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya a wani ƙauyen Ostireliya.

Misali ɗaya zai nuna yadda abin yake da laushi. A tsarin DCC na asali, saƙo hanya ɗaya yake bi, daga akwati zuwa jirgi. To yaya za a karanta abin da ke cikin dikoda? Ana ɗora jirgin a kan wani guntun layi na musamman, akwatin ya riƙa yi masa tambaya mai amsar e ko a'a. Idan amsar e ce, dikodar sai ta ɗan motsa injin jirgin, ta ja ƙarin wuta ta aƙalla miliamfiya 60 na kimanin milisakan 6. Akwatin ya ji wannan ɗan jan wutar, ya gane an ce e. Shi ya sa ake ganin jirgi yana ɗan zabura a kan layin saiti lokacin da ake karanta shi. Yanzu a ce dogon ya yi datti, ko jirgin yana da fitilu masu jan wuta, ko dikodar tana da ma'ajiyar caji da ke shanye bugun. Karatu zai fito ba daidai ba, ko ya ƙi fitowa. Laifin manhaja ne, ko na akwati, ko na ƙura? Gwajin kwamfuta zalla ba zai taɓa amsa wannan ba. Sai mutum mai jirgi da dogo da haƙuri.

Haka fayilolin bayanin dikoda. Domin DecoderPro ta san cewa a wata dikoda gurbi kaza shi ne ƙarar usur, sai wani ya zauna da littafin kamfanin ya rubuta fayil na XML mai bayanin kowane gurbi. 'Yan sa-kai ne ke rubuta su. Littattafan kamfanoni kuma ba su kuɓuta daga kuskure ba, wani lokacin ma kamfani yakan canza abin da ke cikin dikoda ba tare da ya sabunta littafin ba. Idan aka sa lamba ɗaya ba daidai ba a fayil, manhaja ba za ta tsaya ba, ba za ta nuna jan rubutu ba. Mutum zai ja maɓallin ƙarar ƙararrawa ne kawai, sai hasken fitila ya canza. Wanda ke riƙe da wannan dikodar kaɗai zai lura.

Abin da mai gwaji yake yi, da abin da yake sa wa a haɗari

Mai gwajin da ya san aikinsa yana farawa ne da ajiye kwafin komai. Ga mai wannan sha'awa, kundin jiragensa dukiya ce: saitin kowane jirgi da ya ɗauki awanni yana daidaitawa don kawuna biyu su ja tarago tare da gudu ɗaya. Haka fayil ɗin taswirar layi, wanda a babban kulob zai iya zama aikin shekaru, da ƙa'idojin sigina ɗaya bayan ɗaya. Bayanan da ke rakiyar sigogin JMRI sukan yi gargaɗi cewa fayil ɗin da aka adana da sabuwar siga ba lallai tsohuwa ta iya buɗe shi ba. Wanda ya adana a kan fayil ɗinsa na asali, sannan ya ga sigar gwajin ba ta yi masa ba, zai iya samun kansa ba gaba ba baya. Don haka ake ba da shawarar a adana da sabon suna. Wanda kuma ya daɗe bai sabunta ba, akan ce ya hau mataki-mataki, ya bi ta wasu sigogin tsakiya, kada ya yi tsalle ɗaya.

Bayan nan sai aikin da ba shi da armashi ko kaɗan. A buɗe manhaja, a ga ko ta gane akwatin umarni. A karanta dikoda, a rubuta, a sake karantawa a ga ko abin da aka rubuta ne ya dawo. A juya kowace mahaɗar layi. A tura jirgi ya zagaya, ana kallon ko sigina na komawa ja a bayansa. A rufe manhajar a sake buɗewa. Yawancin lokuta babu abin da ke faruwa, kuma wannan ma sakamako ne.

Idan abu ya faru, nan ake gane gwani. "Ba ta aiki" ba rahoto ba ne, ƙorafi ne, kuma mai gini ba shi da abin da zai yi da shi. Rahoto mai amfani yana faɗin lambar sigar da aka gwada da ta ƙarshe da ta yi aiki lafiya, da babbar manhajar kwamfutar, da sigar Java, da irin akwatin umarni. Yana jera matakan da aka bi dalla-dalla yadda wani zai maimaita su. Yana bambanta abin da aka sa ran gani da abin da aka gani. Sannan yana haɗawa da kundin da manhajar ke rubuta abubuwan da ke faruwa a cikinta, wanda JMRI ke ajiyewa a fayil mai suna session.log. Cikin waɗannan duka, faɗin sigar ƙarshe da ta yi aiki ya fi komai daraja. Idan 5.7.2 lafiya take, 5.7.3 kuma ta karye, mai gini ya san gyare-gyaren wata ɗaya kawai zai bincika. Idan kuwa sai bayan fitowar tabbatacciyar siga aka gano, aikin wata shida zai tona. Amfanin sakin sigar gwaji a kai a kai ke nan, amma fa sai in akwai masu sauke ta a kai a kai.

Babban gwajin wannan tsari ya zo ne a 2022, lokacin da JMRI 5.0 ta fito da sharaɗin Java 11, bayan shekaru ana kan Java 8. Irin wannan sauyi yana taɓa tushen komai, daga yadda ake girka manhaja zuwa yadda take magana da kafar USB. An yi jerin sigogin gwaji masu lamba 4.99 kafin a kai ga 5.0. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin taimaka wa dattijo ya sabunta wayarsa zai iya hasashen yadda abin yake idan aka ce dubban mutane, da yawansu masu shekaru, su cire Java ɗaya su girka wata.

Ranar da aikin sa-kai ya je kotu

Wanda ke ganin aikin waɗannan mutane ba shi da wata daraja, to tarihin shari'a ya nuna akasin haka. Wani ɗan kasuwa mai suna Matthew Katzer, mai kamfanin KAM da ke sayar da manhajar jiragen sha'awa, ya aika wa Jacobsen takardun neman kuɗi sama da dala 200,000, yana cewa JMRI ta shiga haƙƙin ƙirƙirarsa. A 2006 Jacobsen ya kai ƙara kotun tarayya a Kalifoniya. Ana cikin haka sai ta bayyana cewa wata manhajar kamfanin mai suna Decoder Commander ta ɗauki fayilolin bayanin dikoda na JMRI, an cire sunayen waɗanda suka rubuta su da bayanin lasisi.

Kotun farko ba ta ba Jacobsen umarnin dakatarwar da ya nema ba. Amma a watan Agustan 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa sharuɗɗan lasisin buɗaɗɗiyar manhaja abu ne da dokar haƙƙin mallaka ke karewa, ko da ba a karɓi ko sisi ba wajen raba ta. An sasanta a watan Fabrairun 2010, Katzer ya amince ya biya dala 100,000. Har yau lauyoyin fasaha suna kafa hujja da wannan hukunci. Ginshiƙin shari'ar da ke kare manhajoji irin su Linux a Amurka, wani ɓangarensa daga fayilolin masu wasan jirgin ƙasa ya fito.

Inda wayar hannu ta shigo

JMRI tana da wata saba a cikinta mai suna WiThrottle, wadda ke mayar da waya abin tuƙin jirgi. A Android ana amfani da Engine Driver, ita ma buɗaɗɗiyar manhaja ce, a iPhone kuma akwai manhajar WiThrottle. Waya da kwamfuta suna hawa Wi-Fi ɗaya, mutum ya zaɓi jirgi, ya ja yatsa a kan allo, jirgi ya tashi.

Wannan ya ƙara wa masu gwaji wani sabon fage, kuma fage ne da matashi mai waya ya fi dattijo mai gareji sani. Wasu wayoyin idan suka ga Wi-Fi ɗin da suka hau ba shi da intanet, sai su sulale su koma kan data ba tare da sanarwa ba, haɗin da ke tsakaninsu da jirgi ya yanke. Wasu suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir. Wasu na'urorin Wi-Fi suna toshe saƙon da waya ke bi ta gano saba da kanta, sai mutum ya rubuta adireshin IP da lambar kafa 12090 da hannu. Tun daga iOS 14 a 2020, iPhone ba ta barin manhaja ta ga na'urorin da ke cikin gida sai an ba ta izini. Ga jirgi yana gudu a kan layi, ga waya ta yi shiru. Shi ya sa sabar take da tsarin tsayar da jirgi idan ta daina jin ɗuriyar waya na wasu daƙiƙu. Ƙaramin kan jirgi mai sauti yana iya kai ɗaruruwan daloli, kuma faɗowa daga tebur ba ya yi masa daɗi.

Raunin tsarin gaba ɗaya a bayyane yake. Yawancin masu amfani suna jiran tabbatacciyar siga ne, kowa yana zaton wani ya riga ya gwada. Kulob ɗin da ke da baje koli a ƙarshen mako ba zai taɓa girka sigar gwaji ba, kuma yana da gaskiya. Amma irin shimfiɗarsa mai sarƙaƙiya ce ta fi iya fito da kurakuran da ke ɓoye. Sannan shiru yana da ma'ana biyu: ko an gwada an ga lafiya, ko ba wanda ya gwada. Mai gini ba zai iya bambancewa ba, shi ya sa ɗan gajeren saƙo mai cewa an gwada siga kaza da akwati kaza kuma komai ya tafi daidai yake da amfani fiye da yadda ake zato.

Wannan ba matsalar jiragen wasa kaɗai ba ce. A watan Maris na 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund yana aiki da sigar Debian da ba ta kai ga jama'a ba, sai ya lura shiga ta SSH ya ƙara jinkiri na kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi, sai ya tarar an dasa ƙofar baya a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux, a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. An kama ta kafin ta shiga yawancin tabbatattun sigogi, saboda mutum ɗaya yana zaune a kan sigar gwaji kuma bai kau da kai ba.

Ga wanda yake son koyon wannan aiki amma ba shi da jirgi ko dogo, JMRI tana zuwa da makwaikwayan akwatunan umarni, kamar na LocoNet da na NCE. Mutum zai girka Java, ya sauke sigar gwaji, ya zaɓi makwaikwayi a wajen saita haɗi, manhajar ta buɗe kamar akwai akwati a jone. Daga nan zai iya ƙirƙirar jirgi a kundi, ya zana layi, ya kunna sabar WiThrottle, ya jona wayarsa ta Engine Driver ko da ta hotspot ne. Makwaikwayi ba zai nuna matsalar dogo mai datti ba. Amma zai nuna tagar da ta ƙi buɗewa, da fayil ɗin da ya ƙi adanuwa, da wayar Tecno ko Infinix da ke yanke haɗi da zarar allonta ya mutu, wadda da wuya a same ta a aljihun wani mai gareji a Ohayo.